MADAWA, BUZA DA KEITA: HANYOYIN RABA MUTUM DA SHAN ƘWAYA

Da zarar an gama girbi, an ɗaure dammuna an zuba rumbu, sai garuruwan Adar da na Majiya su fara raguwa. Samari su ɗauki jaka su nufi tashar mota, wasu Kano da Legas, wasu Abijan, wasu kuwa Agadas da Libiya. Waɗanda suka tsaya gida sukan gangara fadamar Tarka, wajen Madawa, inda aikin albasa ke jiran su tun daga dashe har zuwa ban ruwa da cira. Ko a garka ko a ƙasar cin rani, aiki ne mai cin ƙarfi, daga asuba har faɗuwar rana. A cikin shekarun nan kuwa wata ƴar ƙwaya ta shiga aljihun mai aikin ƙarfi a ƙasar Nijar da maƙwabtanta, wadda ake kira tramol. Ɗan ƙwadago ya san ta, ɗan kabu-kabu ya san ta, yaron mota ma haka. Ana shan ta da shayi ko da kofi, wai don a kashe gajiya.

Tambayar da uwaye ke yi wa likita da limami da maigari ɗaya ce: yaron da ya riga ya saba, ta yaya za a raba shi da ita? Masana sun yi fiye da shekara 50 suna neman amsa, kuma abin da suka gano ya cancanci kowane mai gida da kowane ma'aikacin gwamnati ya san shi.

Yadda ƙwaya take kama mutum

Tramol magani ne na gaskiya. Wani kamfanin Jamus mai suna Grünenthal ya haɗa shi a 1962, aka fara sayar da shi a 1977 domin rage zafin ciwo mai tsanani. Dangin ofiyom ne. Likita yakan rubuta ƙwaya mai miligiram 50, kuma ba a yarda babban mutum ya wuce miligiram 400 a yini ba. Amma wadda masu talla ke yawo da ita a kasuwanni da tashoshi takan kai miligiram 120, ko 225, ko 250 a ƙwaya guda, yawancinta kuwa daga Indiya aka yi fasa-ƙwaurinta. A watan Disamba na 2017, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya bayyana cewa an kama ƙwaya fiye da miliyan 3 a Nijar, cikin kwalaye masu tambarin Majalisar na jabu. A 2018 gwamnatin Indiya ta ƙara tsaurara dokar sayar da maganin. A Nijeriya, wani bincike da aka yi ya nuna mutum miliyan 4.6 ne suka sha irin waɗannan magunguna ba da iznin likita ba. Gundumar Madawa kuwa iyaka ɗaya take da Nijeriya, kuma mutane da kaya ba su daina kai da kawowa.

Kamun ƙwaya iri biyu ne. Na farko kamun jiki: wanda ya fara da ɗaya, bayan ƴan watanni ɗayar ba ta isar sa, sai biyu, sai biyar. In ya rasa ta sai ciwon gaɓoɓi, da zufa, da zawo, da rashin barci, da faɗuwar gaba. In ya sha da yawa kuma takan buge shi ƙasa kamar mai farfaɗiya, wani a kan babur, wani a bakin rijiya. Na biyu kamun sabo ne: ƙwaƙwalwa ta riga ta haɗa ƙwayar da wasu wurare da lokuta da mutane. Ganin mai shayin tasha, ko jin kuɗin aiki a hannu, ko zama a fada da abokai bayan isha, kowane ɗaya ya isa ya tayar da ƙishinta.

Kamun jiki yakan saki mutum cikin kamar mako guda zuwa biyu, in likita ya rinƙa rage masa magani sannu a hankali. Kamun sabo shi ne mai daɗewa, kuma a kansa aikin warkarwa yake.

Abin da mari bai iya ba

Uba da ya rasa yadda zai yi yakan fara da faɗa, sa'an nan duka, sa'an nan ɗauri a ɗaki ko kai yaro gidan mari. Ƙauna ce da tsoro suke kai shi ga haka. Amma a ƙarshen Satumba na 2019, ƴan sandan Nijeriya sun buɗe wani gida a Rigasa, cikin Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, da yawansu ɗaure da sarƙa, jikinsu duk tabon bulala. A watan Oktoba aka sake samun irin haka a Daura da birnin Katsina. Uwayen da yawa daga cikinsu kuɗi suka biya don a gyara musu ƴaƴa.

Ɗauri yana hana hannu kaiwa ga ƙwaya muddin sarƙa na ƙafa. Ranar da aka kwance, tasha tana nan, mai talla yana nan, gajiyar aiki tana nan, yaron kuwa bai koyi komai ba game da yadda zai wuce su, sai dai ya ƙaru da fushi da ɓoye-ɓoye. Haka zancen kaso yake. Nijar tana da doka mai lamba 99-42 ta ranar 23 ga Satumba 1999 a kan miyagun ƙwayoyi, tana kuma da hukumar OCRTIS mai farautar masu fataucinsu. Aikin ƴan sanda da jandarmomi da ma'aikatan duwan wajibi ne, domin shi ke rage kayan a kasuwa. Mashayin da ya riga ya kamu kuwa, magani yake bukata.

Akwai wani bincike da ya dace da ƙasar ƴan cin rani. A lokacin yaƙin Biyetnam, kamar soja ɗaya cikin biyar na Amurka da ke can ya kamu da hodar heroyin. Wata masaniya mai suna Lee Robins ta bi sawun waɗanda suka koma gida a 1971, sai ta tarar a cikin shekarar farko kamar 5 cikin 100 kaɗai na waɗanda suka kamu suka sake kamuwa. Da wuri ya sake, da abokai da aiki da zaman yau da kullum suka sake, sai sabo ya rasa abin riƙewa. Saboda haka makonnin farko na dawowar ɗan cin rani, gabanin damina, lokaci ne mai daraja ƙwarai. In ya tarar da gona da iyali da mutunci suna jiran sa, ƙofar bari a buɗe take. In kuwa mai talla ya fara tarbar sa, an yi hasarar damar.

Bahaushe na cewa hali zanen dutse. Shan ƙwaya kuwa sabo ne, koyon sa aka yi, kuma abin da aka koya ana iya koyon barin sa. A kan wannan aka gina hanyoyin warkarwa ta sauya ɗabi'a. Huɗu daga cikinsu sun fi shahara.

Hanya ta farko: hira mai tayar da niyya

Wani masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, William Miller, ya bayyana wannan hanya a 1983, daga baya shi da Stephen Rollnick suka faɗaɗa ta a 1991. Sun lura cewa duk lokacin da aka matsa wa mashayi da wa'azi da gori, sai ya shiga kare kansa, ya jera dalilan da suka sa yake sha, har ya ƙara gamsar da kansa da bakinsa. Sai suka juya lamarin: mai ba da shawara ya yi tambaya, ya yi saurare, ya bar mutum ya faɗi dalilan bari da kansa.

A misali, a ce ga saurayi mai aikin garka ya zo gidan likita bayan ƙwaya ta buge shi. Majo ya ce masa: «Samari, wane amfani take yi maka?» Ya ce: «Majo, in ban sha ba ban iya gama ban ruwa.» Majo ya ce: «Na ji, tana taimaka maka a aiki. To, me ta rage maka?» Saurayi ya yi shiru, can ya ce kuɗin aurensa a kanta suke ƙarewa, kuma tsohuwarsa ba ta barci saboda shi. Daga nan ake tambayar sa: cikin goma, nawa yake ba niyyarsa ta bari? In ya ce huɗu, sai a ce: me ya sa huɗu, bai ce ɗaya ba? Amsar da zai bayar ita ce tushen aikin. Zama ɗaya zuwa huɗu, kowane na ƙasa da awa guda, ya kan isa a buɗe wannan ƙofa.

Hanya ta biyu: gane tarko da koyon kauce masa

Wannan ta samo asali daga aikin likita Aaron Beck a shekarun 1960, sa'an nan Alan Marlatt da Judith Gordon suka daidaita ta ga mashaya a 1985. Ana zama da mutum sau ɗaya a mako, kamar wata uku, ana bin kwanakinsa ɗaya bayan ɗaya: yaushe ya sha, a ina, da wa, me ya faru kafin nan, me ya raya a zuciyarsa. Ba a daɗewa sai tarkunansa su fito fili. Wani nasa ranar kasuwar Tamaske ce, in kuɗi sun shigo. Wani nasa faɗa da mai gona. Wani kuwa zaman banza na rani, tsakanin azahar da la'asar.

Kowane tarko sai a yi masa shiri tun kafin a kai gare shi, tun da ba a fafe gora ranar tafiya. Mai tarkon kuɗi ya miƙa kuɗinsa ga matarsa ko wansa tun a bakin kasuwa. Mai tarkon tasha ya sake hanya. Ana kuma gwada yadda za a ce a'a, da baki, a gaban mai ba da shawara, har harshe ya saba: kalma gajera, ido cikin ido, sa'an nan a tashi a bar wurin. Ana gyara tunani irin na «ɗaya kaɗai ba ta komai» ko «ba ni da ƙarfi sai da ita», a auna shi da abin da ya faru a zahiri.

Babban darasi a nan shi ne ƙishin ƙwaya ba ya dawwama. Yakan taso, ya kai ƙarshen ƙarfinsa, ya sauka, sau da yawa cikin abin da bai wuce rabin awa ba. Mutumin Buza ya san ƙorama ranar ruwan sama: mai hankali ba ya faɗa mata, yakan zauna a gaɓa ya jira ta wuce. Ana koya wa mutum abin da zai yi a wannan rabin awa, ko alwala da nafila, ko tafiya wurin wani amini da aka riga aka shirya da shi, ko wani aikin hannu.

Hanya ta uku: lada nan take

Daɗin ƙwaya yanzu-yanzu ne, amfanin barinta kuwa sai bayan watanni ake gani. Stephen Higgins na jami'ar Vermont ya nemi cike wannan giɓi a 1991, a wajen mashaya hodar koken. Ana awon fitsarinsu sau uku a mako. Duk wanda aka samu fitsarinsa da tsabta, nan take a ba shi takarda mai daraja wadda zai canza da kayan amfani. Darajar takan ƙaru in tsabtar ta ɗore a jere, ta koma farko in an samu ƙwaya. A gwajin da ya buga a 1994, mutum 75 cikin 100 na masu samun takardar sun kammala mako 24 na magani, waɗanda ba su samu ba kuwa 40 cikin 100. Daga baya Nancy Petry ta rage tsadar hanyar ta wajen amfani da ƙananan kyaututtuka.

Wasu za su ce yaya za a biya mutum don ya bar abin da ke cutar sa? Mutanen Keita sun san amsar. Da aka fara babban aikin raya karkara na Keita a 1984, da taimakon Italiya da hukumar FAO, amfanin jera duwatsu da dasa itatuwa a kan fako sai bayan shekaru za a gan shi. Abincin da PAM ke bayarwa a kan kowane yinin aiki shi ya riƙe ma'aikata, waɗanda yawancinsu mata ne, har ƙasa ta farfaɗo ta fara biyan su da kanta. Ladan mashayi haka yake: gada ce zuwa ranar da lafiya da kuɗi da mutunci za su zama ladansa. Sharuɗɗansa uku ne: a tabbatar da awo, a bayar nan take, kada a saɓa alkawari. Ya kamata ma'aikatan lafiya su sani cewa abin awon fitsari na dangin ofiyom da aka saba da shi ba ya nuna tramol, sai an nemi nasa na musamman.

Hanya ta huɗu: iyali da gari

A 1973 George Hunt da Nathan Azrin suka nuna cewa mutum yakan bar maye in zaman da babu maye ya fi masa daɗi da riba. Saboda haka sai a taimaka masa ya samu sana'a, ya gyara tsakaninsa da iyali, ya samu abokai da wasannin da babu ƙwaya a ciki. Robert Meyers ya ɗora a kan haka, ya shirya horo domin iyalin mashayin da ya ƙi zuwa asibiti sam. A gwajin da aka buga a 1999, a wajen mashaya giya, iyalai 64 cikin 100 da suka samu horon sun shawo kan mutuminsu ya shiga magani, fiye da ninki biyu na hanyar taruwa a tsare shi da magana mai zafi.

Abin da ake koya wa iyali mai sauƙin faɗi ne, mai wuyar yi. Kada a yi gardama da shi yana cikin maye, a jira sai ya wartsake. Ranar da ya wuni lafiya a nuna an gani, a sake masa fuska, a ce: «Ɗana, yau na ji daɗin ganin ka a gona.» A daina biya masa bashin mai talla, a daina yi masa ƙarya wurin mai aiki, a bar shi ya ɗanɗani sakamakon abin da ya yi muddin babu haɗari ga rai. A kuma shirya tun da wuri inda za a kai shi, domin ranar da ya ce ya yarda, a tafi a ranar. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

In an koma, ba a fara daga banza ba

Wani nazari da aka buga a 2000 ya nuna mutum 40 zuwa 60 cikin 100 na waɗanda aka yi wa magani sukan koma sha, kusan daidai da yadda hawan jini da ciwon asma ke tasowa bayan sun lafa. Ba wanda ke korar mai hawan jini daga asibiti don jininsa ya sake hawa. Wanda ya zame, a zauna da shi a gano tarkon da ya kama shi, a gyara shiri, a ci gaba. Masana sun kuma lura maganin da bai kai wata uku ba amfaninsa kaɗan ne.

Gargaɗi biyu wajibi ne. Wanda ya yi makonni bai sha ba jikinsa ya rage juriya, in ya koma ya sha adadin da ya saba a da yana iya mutuwa. Wanda kuma yake haɗa tramol da diyazefam kada ya yanke su dare ɗaya, sai a hannun likita, domin yankewar gaggawa na kawo farfaɗiya. Ga masu kamu mai tsanani da dangin ofiyom akwai magunguna irin su metadon da bufirenofin da ake haɗawa da hira. A Afirka ta Yamma, cibiyar CEPIAD ta Dakar, wadda aka buɗe a 2014, ita ta fara ba da metadon.

Wa zai yi wannan aiki?

Likitocin ƙwaƙwalwa kaɗan ne a Nijar, yawancinsu kuma a Yamai suke, tafiyar yini daga Garhanga ko Karofane. Amma hanyoyin nan huɗu ba su bukatar inji, kuma an tabbatar wanda ba likita ba yana iya koyon su. A Gowa ta Indiya, ƙungiyar Sangath ta horar da mutanen gari su yi hira da mashaya giya, zama ɗaya zuwa huɗu, kuma sakamakon da aka buga a 2017 ya nuna an samu sauƙi fiye da kulawar da aka saba. A Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, aka ga amfani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagoran mhGAP a 2010 domin ma'aikatan ƙananan asibitoci, kuma akwai babi a cikinsa a kan shaye-shaye.

Madawa da Buza da Keita kowace tana da asibitin gunduma da gidajen likita na karkara. Abin da ake bukata shi ne a horar da majo da ungozoma da masu aikin sa kai na ƙauyuka, a ware musu rana da ɗaki inda za a yi magana a asirce. Limami da maigari su rage wa iyalai kunyar neman taimako. Magajin gari ya duba wane aikin rani za a samar wa samari. Mai gona da mai mota su sani cewa yinin aikin da ba ya yiwuwa sai da ƙwaya ya wuce ƙarfin ɗan Adam. Wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci kuwa yana da babban rabo a nan, domin hanya ta biyu da ta uku duka da rubutu suke tafiya: littafi ɗan ƙarami da alƙalami sun isa a rubuta wa ƙane ko maƙwabci kwanakin da ya yi lafiya, da tarkunansa, da ranar komawa wurin likita.

A 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya, ƙasar Buza, domin kare gonaki daga iska. A shekarun farko sai da aka sa masu gadi saboda dabbobi, wasu itatuwan suka mutu aka sake dasawa, kafin manoma su ga hatsinsu ya tsaya. Saurayin da ke ƙoƙarin barin ƙwaya yana bukatar irin wannan gadi da irin wannan haƙuri daga gidansu da garinsu. Duk wanda ke da irin wannan mara lafiya a gida, ya fara da zuwa gidan likita mafi kusa ya nemi shawara, ko da shi mara lafiyar bai yarda ya bi shi ba tukuna. Allah shi ba marasa lafiya sauƙi, shi kuma ba masu jinya haƙuri.